Kare a ƙofar gida, kyanwa a ɗaki, doki a turke

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce yara sun tasa ka gaba sai ka sayo musu kare irin na Turawa wanda zai riƙa kwana a falo, kai kuma ka tuna a gidan Malam na ƙauye kare bai taɓa wuce zaure ba, alhali kyanwa har gadon Inna take hawa. Shi ne kake tambaya ko addini ne ko al'ada.

Duka biyun ne, amma kada ka ɗauka ƙin kare ake yi. Kowace dabba a gidan nan aiki ne ya kawo ta, kuma aikin ne ya yanka mata wurin kwana.

Duna, baƙin karen nan da kuke tsoro kuna yara, mai gadi ne. Da dare yana bakin garken awaki, da rana ya bi mu gona ya kori birai daga masara. Kaskonsa daban yake, wani fasasshen gindin tukunya a bakin danga, kuma Inna ba ta kwanciya sai ta jiƙa masa ƙanzo a ciki. Hadisi ya yarda a ajiye kare don farauta ko kiwo ko tsaron gona, wanda ya ajiye shi haka kawai ladansa na raguwa kullum. Ya kuma zo cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da kare yake. Ka ga dalilin iyakarsa zaure. Su masu cewa da kare ya goge ka sai wanka, sun wuce gona da iri. A mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, ƙwaryar da ya sa baki dai a wanke ta sau 7. Kuma kada ka manta an gafarta wa wani mutum don ya ɗebo ruwa a rijiya da huffinsa ya shayar da kare mai jin ƙishirwa.

Ita kyanwa aikinta yana ciki, wajen rumbu da buhunan hatsi, inda ɓera yake. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Zancen da tsofaffi ke yi cewa kada a doki baƙar kyanwa da dare don wataƙila aljana ce, camfi ne, ko da yake ni ban ga laifinsa sosai ba, ya hana yara cin zalinta.

Doki kuwa, ai shi ne babban gida bayan Malam. Kilin nan turkensa yana daf da turaka, inda Malam zai ji ko atishawa ya yi. Shi ake fara ba abinci kafin kowa ya karya: harawar wake, dawa, da dusa da aka dama da kanwa. Mu samari mu ne 'yan yankan ciyawa, kuma wanda ya kawo mai ƙasa a jiki ya san sauran. In sanyin Disamba ya sauko, irin na ƙasar Jos da ke fasa leɓe, sai a lulluɓa masa buhunan algarara a hura wuta gefen turken. Duna ya lallaɓo ya kwanta kusa da wutar, dokin ya sunkuyo ya shinshine shi ya ƙyale. Ba a dukan doki a fuska, ba a hawansa sai da izinin mai shi, yaro kuma ba ya wasa da linzami. Tudun nan namu ya karɓi doki ne saboda ƙudan tsando bai yi yawa ba, shi ya sa su Birom ma tun da can suna da ƙananan dawakinsu. Ranar Sallah in an ɗaura masa sirdi da jalala, duk wahalar shekara sai ta wuce.

To, ka dubi gidanka na Kubwa. Ba ka da garke, ba ka da gona. In tsaro kake so kuma kana da fili, ajiye kare, yi masa ɗakinsa a waje, ka sake shi da dare. Abin da ba na so shi ne wanda nake gani a gidajen Abuja: a ɗaure kare da sarƙa cikin rana tun safe, maigida ya tafi ofis, ba inuwa ba ruwa. Mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, kare ma yana da wannan hakkin. Sannan allurar haukan kare dole ce duk shekara, don ciwon in ya bayyana a jikin mutum ba ya jin magani. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, da ke nan kusa da mu tun 1924, tana yin allurar, likitocin dabbobi na wajenku ma suna da ita.

In kuwa abin wasa kawai yaran suke so, samo musu kyanwa. Akwai wadda ta haihu a gidan Gwaggonku, in za ku zo hutu sai su zaɓi ɗaya.