Amsar murya: fulogin ɗin Lightroom ya ƙi ɗora hotunan biki

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da yamma. Ƙanena, na saurari saƙonka har sau biyu. Abin da na fahimta shi ne, ka ɗauki hotunan biki wajen ɗari shida, tun daga kamu har walima, ka gama gyara su a Lightroom, manhajar gyaran hotuna, ka zo ɗora su a shafinka na hotuna ta wannan fulogin ɗin da ka saba, wato ƙaramar manhajar da ake liƙa wa Lightroom don ɗora hotuna a shafi, sai ya ɗauki kamar arba'in ya tsaya cak, wani lokacin ma ko farawa ba ya yi. Ga dangin amarya sun hana wayarka hutu. Na kuma ji wani ɗan'uwa ya ce ka goge komai ka sake sakawa.

To don Allah dakata, kada ka goge. Wannan ne ya sa na ajiye abin da nake yi na ɗauki waya. Wurin nan na gefen hagu da aka rubuta Publish Services, a can Lightroom yake riƙe lissafin wane hoto ya hau, wanne bai hau ba, wanne ka sake taɓawa bayan ya hau. Idan ka goge shi, wannan lissafin ya tafi, sai ka dawo ka ɗora komai daga farko, hotuna su fito bibbiyu a shafi. Mafi muni, lokacin gogewar yakan tambaye ka ko a share har da waɗanda ke kan shafin. Mutum yana cikin ɓacin rai ya danna ba tare da ya karanta ba, shi ke nan aikin wasu bukukuwan da ka riga ka ba mutane mahaɗinsu ya salwanta. Goge-goge shi ne na ƙarshe, kuma kafin nan ma sai ka adana kwafin katalog ɗinka, wato fayil ɗin da Lightroom ke ajiye bayanan hotunanka da gyaransu.

Ga abin da nake so ka yi yau da daddare. Ka ɗauki hoto ɗaya tak, ka canja masa suna zuwa gwaji1, ka rage shi ya zama ƙarami, ka buɗe sabon kundi, ka ɗora shi kaɗai. Wannan hoto ɗayan shi zai nuna maka inda ciwon yake.

Idan shi ma ya ƙi hawa, to matsalar ba ta hotunanka ba ce, tsakanin kwamfutarka da shafin ne ba a gaisa ba. Ka shiga File, ka buɗe Plug-in Manager, ka duba ɗigon da ke jikin sunan fulogin ɗin. Kore yake? Idan ba kore ba ne, ka danna kansa, zai gaya maka ko a kashe yake ko ya rasa inda foldarsa take. Da yawa cikinmu muna sauke shi, mu bar shi a foldar saukarwa, ranar da muka yi shara mu haɗa da shi. Folda ce da sunanta ke ƙarewa da lrplugin, sai an warware ta daga zif, a ajiye ta wuri ɗaya a daina motsa ta. Sannan ka tuna, ka canja kalmar sirrin shafin kwanan nan? Fulogin ba ya shiga da sunanka kullum, wani ɗan izini ake ba shi ranar farko ya riƙe, kuma izinin yakan mutu. Ka fita ka sake shiga daga cikin saitinsa, minti biyu ne.

Akwai wanda ya taɓa cinye mini kwana biyu, bari in faɗa maka shi. Laftop ɗina ta hannu ce, ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe mata agogo ya mutu, ta koma wata shekara can baya ban lura ba. Duk shafin da ke da tsaro yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kwamfuta kuma da agogonta take auna ta. Idan agogon ya yi ƙarya, sai ta ga takardar ba ta inganta ba, ta ƙi haɗuwa, kai kuma saƙon da za ka gani bai ambaci agogo ko sau ɗaya ba. Na gyara kwanan wata, nan take hotuna suka fara tafiya. Saboda haka ka leƙa kusurwar allonka ka ga yau nawa ga wata a wurinta.

To amma ni a zatona gwajin nan zai hau lafiya lau, tunda ka ce arba'in suna wucewa. In haka ne, nauyi ne. Kyamara mai megafiksel 24 hotonta fiksel 6000 ne a tsawo, 4000 a faɗi. Ka fitar da shi a cikakken girmansa, ingancin JPEG a kan 100, ba abin mamaki ba ne ya haura megabait goma. Ka ninka da ɗari shida, ka ga ana maganar gigabait shida ko fiye, kuma ta hotsifot ɗin waya. Mutane suna ganin bidiyo yana buɗe musu ba tsayawa sai su ce netwok yana da kyau. Wancan saukewa ne, ɗorawa hanyarta daban, kuma a layin waya yawanci ta fi ƙunci sosai. Hoto ɗaya ya daɗe yana tafiya, netwok ya ɗan yi numfashi, sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ta gaji da jira ta yanke, layin duka ya tsaya.

Ka shiga saitin fitarwa na fulogin ɗin, ka sa dogon gefe ya zama fiksel 2048, inganci wajen 80, launi kuma sRGB, don in ka bar shi a Adobe RGB ko ProPhoto, jan leshin amarya zai iya fitowa a koɗe a wasu wayoyin. Da wannan saitin hoto zai dawo kusan megabait ɗaya. Wallahi a allon waya babu wanda zai gane bambanci, kuma dangin nan duk a waya za su kalla. Na wankewa da na firem ka ba su a filasha, wannan harka ce daban. Kuma ka riƙa tura su kashi-kashi, hamsin-hamsin, bayan sha biyun dare ko da asuba lokacin da layi ya sarara, ka hana laftop ɗin yin barci.

Idan shafin naka ne kake biyan kuɗin masaukinsa da kanka, irin waɗanda ake ginawa da manhajar Piwigo ko WordPress, akwai ƙarin abu. PHP, wato manhajar da suke gudana a kai, saitinsa na asali megabait 2 ne iyakar fayil ɗaya, sai in mai masaukin ya ƙara. Ka ga lamba 413 a saƙon kuskuren, ma'anarta abin da ka turo ya fi ƙarfin ƙofa. 401 ko 403 maganar izini ce, 500 kuma daga can wurin sabar ne. Idan kuwa shafin hotuna na Flickr ne na kyauta, tun 2019 suka tsayar da shi a hoto 1000, ka duba ko ka cika.

Yauwa, sai abu ɗaya: ka lura ko a kan hoto ɗaya yake tsayawa kullum. In haka ne, ka duba kusurwarsa, akwai alamar motsin rai? Ma'ana Lightroom bai ga ainihin fayil ɗin ba, watakila hadis ɗinka na waje, wato hard disk, jiya harafin E yake, yau Windows ta ba shi F. Ka danna dama a kan foldar mai alamar tambaya, ka nuna masa sabon wurin. In ba haka ba, ka dubi sunan. Ni ina son rubuta Hausa da ƙugiyarta, amma ba duk saba ce ke karɓar ƙ da ɗ da ɓ a sunan fayil ba. Ɗaurin aure ka rubuta shi daidai a taken kundi inda mutane ke karantawa, sunan fayil kuwa ka bar shi haruffa zalla da lambobi.

Ka yi gwajin hoto ɗayan nan tukuna. Duk abin da ya rubuta maka, ka ɗauki hoton allon gaba ɗaya, kada ka yanke, ka haɗa da lambar sigar Lightroom ɗinka da ta fulogin, ka turo nan zaure kowa ya gani. Su kuma dangin amarya, ka zaɓi hotuna ashirin masu kyau ka tura musu yanzu a matsayin fayil don kada WhatsApp ya matse su, hankalinsu zai kwanta zuwa gobe. Ina nan bayan isha'i. Allah ya sa a dace.