Yadda muke tuna Inna a Damagaram

Yaya, kin tambaye ni abu biyu bayan kin koma Kano: me ya sa jikoki ke dariya a tsakar gida ran sadakar bakwai ɗin Inna, kuma me ya sa gudummawar da dangi suka aiko ta tafi ga ruwa, ba a yanka bijimi ba.

Na jikoki ba rashin kunya ba ne. A nan in tsohuwa ta cika da shekaru, ta ga 'ya'yan jikokinta, jikoki ba sa zaman makoki irin namu na 'ya'ya. Wata jika ta ɗaura zanen tsohuwar, ta ɗauki sandarta da carbinta, ta kwaikwayi tafiyarta da faɗan da take yi in an bar murfin randa a buɗe, su bi iyaye suna karɓar 'yan kuɗi. Wasan kaka da jika ne ake yi na ƙarshe. Akwai malaman da ke ja da shi a nan ma, har da sadakar uku da bakwai da arba'in, kuma wasu gidajen sun bari. Mu ba mu bari ba. Ni a ganina ranar ce ƙanana ke jin wace ce kakarsu daga bakin waɗanda ta goya.

Batun ruwa kuwa sai wanda ya zauna garin nan. Kakanmu ya zo daga Kano da fatauci, ya sauka a Zango inda baƙi 'yan kasuwa ke sauka, Birni kuwa na fadar Sarkin Damagaram ne. Tun lokacin ruwa ke wahalar da mutane a garin nan na duwatsu. Yana ma cikin dalilan da ake bayarwa na mayar da babban birnin Nijar daga nan zuwa Yamai a 1926. Inna ta yi rayuwarta tana lissafin ruwa. Da bazara, in famfo ya ɗauke, takan sayi garwa biyu daga kuɗin furarta, ɗaya ta gida, ɗaya ta zuba a randar ƙofar gida don almajirai da masu wucewa zuwa Kasuwar Dole. Ba ta taɓa kiran wannan sadaka ba, cewa take yi ba a hana mai ƙishi. Da muka zauna shawara, limamin unguwa ya tuna mana Sa'adu ɗan Ubada, wanda ya tambayi Manzon Allah (SAW) sadakar da ta fi ga mahaifiyarsa da ta rasu, aka ce masa shayar da ruwa. Nan take magana ta ƙare. Randar tana nan, an ƙara mata biyu, kuma mun biya mai garuwa kuɗin shekara.

Sauran duk kin san su. Aminanta biyu da suka rage muna kai musu tuwon sallah da goro kamar tana raye. 'Yar da aka haifa wa ƙanenmu an sa mata sunanta, ba mai iya kiransa, Ummi muke ce mata.

Arba'in ɗin ba taro za mu yi ba, saukar Alƙur'ani ce da waina da gumba. In kin samu dama ki biyo ta Daura da Matamaye, ki taho da yaran su ga ɗakinta kafin a raba kaya. Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta huta.