Tambayoyin Masu Karatu: Me Za Mu Nema Daga Mai Son Shugabantar Birninmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar birnin Kano ce, ina sana'ar ɗinki a gida. Duk damina ruwa yakan shigo mana har tsakar gida saboda lambatun layinmu ya cushe da leda da yashi, kuma bara sai da muka kwana muna kwashe ruwa da bokiti, keken ɗinkina yana ɗore a kan tebur. Ina jin ana cewa wasu birane suna da magajin gari da jama'a suke zaɓa. Mu wane ne namu, kuma idan masu neman ƙuri'a sun zo, me ya kamata mu nema a wurinsu? Daga wata mai karatu, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya kiyaye gaba. Kano ba ta da zaɓaɓɓen magajin gari guda ɗaya irin na Landan, inda tun shekarar 2000 mazauna birnin suke zaɓar mutum ɗaya ya riƙe musu harkar sufuri da tsara gari. Birninku a rabe yake tsakanin ƙananan hukumomi takwas, wato Birni, Dala, Fagge, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo, kowacce da ciyamanta da kansilolinta. Ina ganin wannan rabon yana cikin abin da yake wahalar da ku, domin ruwan sama bai san iyakar Dala da Fagge ba, kuma idan an yashe magudana a sama an bar ta a toshe a ƙasa, gidajen tsakiya ne suke shan wuya.

Duk da haka, ciyaman shi ne mafi kusa da abin da kike nufi. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da magudanun ruwa, ƙananan hanyoyi, fitilun titi, kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu da kwashe shara, sannan ya ba ta hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya. A cikin birnin Kano, hukumomin jiha irin su REMASAB, wato hukumar kwashe shara da tsaftar muhalli, suna ɗauke da wani ɓangare na aikin shara, amma hakan bai sauke wa ciyaman nauyin lambatun unguwa ba.

Saboda haka abin da za ku fara nema shi ne alkawari mai suna da lokaci. Idan ɗan takara ya ce zai kawo ci gaba, ku tambaye shi wace magudana zai yashe, daga ina zuwa ina, kuma a wane wata, tunda aikin da ba a yi shi kafin Mayu ba, ruwan Agusta ne zai riga shi zuwa. Ku tambaye shi inda za a kai yashin da aka fito da shi, domin sau da yawa ana tara shi a bakin lambatu, mamakon farko ya mayar da shi ciki. Haka za ku yi masa a kan asibitin unguwa, ko akwai ungozoma da dare, da kuma firamaren da yaranku suke zama a ƙasa.

Na biyu, wanda ya fi muhimmanci a wurina, shi ne lissafin kuɗi. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, kuma shekara da shekaru kuɗin yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, abin da ya ba ciyamomi da yawa hujjar cewa hannunsu a ɗaure yake. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan su kai tsaye, ta kuma hana gwamnoni naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Aiwatar da hukuncin ya yi tafiyar hawainiya, amma ya ba ki damar ki nemi ɗan takara ya yi alkawarin manna abin da ya shigo da abin da aka kashe a allon sakatariya kowane wata.

Ba zan ɓoye miki ba, hukumar zaɓen jiha ce take shirya zaɓen ƙananan hukumomi, kuma a yawancin jihohi jam'iyya mai mulki ce take lashe kujerun duka, kamar yadda ta kasance a ƙananan hukumomi 44 na Kano a Oktoban 2024. Wannan ya sa nake ba ki shawarar kada ku jira ranar zaɓe, kuma kada ku bari a sallame ku da atamfa da taliya. Ku haɗu da matan layinku da mai unguwa, ku rubuta buƙatarku a takarda ɗaya da sa hannun kowa, ku kai wa kansilan mazaɓarku da kowane ɗan takara, ku ajiye kwafi mai ɗauke da ranar da kuka miƙa ta.