Zauren Ɗalibai: Gishirin Gandhi, Rabuwar Indiya da Lissafin Kashi Cikin Ɗari

Wasiƙu huɗu na zaɓa daga cikin waɗanda suka iso mana nan Jos a wannan watan, kuma na haɗa su wuri ɗaya domin amsar wata tana jingine da amsar wata.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a babbar sakandare, ina zaune a Unguwar Rogo, Jos. An ba mu aikin gida mu bayyana yadda Indiya ta sami 'yancin kai. Na haddace shekarun, amma na kasa haɗa su su zama labari ɗaya. Kuma ban gane yadda gishirin da ake barbaɗawa a miya ya girgiza daular Ingila ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Matsalarki ita ce matsalar yawancin ɗaliban da na koyar, wato riƙe shekaru ba tare da riƙe dalilin da ya kai daga wannan shekara zuwa waccan ba. Saboda haka bari mu faro daga tushe.

Turawan Ingila da ciniki suka fara shiga Indiya. A shekarar 1600 Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta ba wani kamfani, Kamfanin Gabashin Indiya, izinin fatauci a waɗannan ƙasashe. Sannu a hankali kamfanin ya kafa sojojinsa, kuma a 1757, a yaƙin Plassey, ya ci Nawab, wato sarkin Bengal, daga nan ɗan kasuwa ya zama mai karɓar haraji. Idan kin karanta tarihin ƙasarmu za ki ga irin wannan hanya, domin Kamfanin Neja ya sami izinin sarauta a 1886, ya riƙe yankuna da sunan ciniki har 1900, lokacin da gwamnatin Birtaniya ta karɓi ragamar da kanta. Shi kansa Lugga, wanda ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, a Indiya aka haife shi, a birnin Madras.

A watan Mayu na 1857 sojojin Indiya da ke aiki a ƙarƙashin kamfanin suka yi bore a garin Meerut. Abin da ya kunna wutar shi ne labarin da ya bazu cewa an shafe sababbin harsasai da kitsen shanu da na alade, alhali soja sai ya ciji kunshin harsashin da haƙori kafin ya ɗura bindiga. Mabiyin addinin Hindu yana girmama saniya, Musulmi kuwa alade haramun ne a gare shi, don haka abu ɗaya ya taɓa ɓangarorin biyu. An murƙushe boren da ƙarfin tsiya, amma ya kawo ƙarshen mulkin kamfani, domin a 1858 masarautar Ingila ta karɓi Indiya kai tsaye. A 1885 aka kafa jam'iyyar Congress a Bombay, birnin da yanzu ake kira Mumbai, sai dai a shekarunta na farko taron lauyoyi ce da 'yan boko masu rubuta takardun koke, talakan ƙauye bai san da zamanta ba.

Mahatma Gandhi, wani lauya ɗan Indiya, shi ne ya sauko da gwagwarmayar daga zauren lauyoyi zuwa gona da kasuwa. Ya dawo daga Afirka ta Kudu a 1915, inda ya shafe kimanin shekara ashirin yana fafutukar haƙƙin Indiyawa mazauna can. A ranar 13 ga Afrilu, 1919, Janar Dyer ya sa sojoji suka buɗe wuta a kan taron mutanen da ba su da makami a filin Jallianwala Bagh da ke Amritsar, wuri mai katanga da ƙananan ƙofofi. Gwamnatin mulkin mallaka da kanta ta amsa cewa mutum 379 suka mutu, Indiyawa kuwa suka ce adadin ya zarce haka nesa ba kusa ba. Daga wannan rana masu yawa daga cikin waɗanda suke ganin za a iya gyara mulkin Turawa suka yanke ƙauna.

Yanzu ga gishirinki. Abin da Gandhi ya hango shi ne, Turawan da ke Indiya 'yan kaɗan ne a kan al'umma mai ɗaruruwan miliyoyi, kuma magatakarda da ɗan sanda da soja da mai karɓar haraji galibi Indiyawa ne. Ke nan mulkin yana tsaye ne a kan haɗin kan waɗanda ake mulka, kuma ranar da suka janye hannu zai fara tangal-tangal. Abin da ya rage shi ne a samo dokar da kowa yake jin zafinta, wadda kuma kowa zai iya karyawa ba tare da ya ɗauki ko sanda ba. Dokar gishiri ta cika waɗannan sharuɗɗa. Gwamnati ce kaɗai take da ikon haɗa gishiri da sayar da shi, ta kuma ɗora masa haraji, har ya zama matar da take zaune a bakin teku, tana kallon gishiri yana bushewa a kan yashi, ba ta da ikon ɗiba ta zuba a tukunyarta. Attajiri ba ya jin wannan haraji, amma talakan da yake zufa a rana yana jinsa kullum, ko Musulmi ne ko Hindu.

A ranar 12 ga Maris, 1930, Gandhi ya fito daga mazauninsa na Sabarmati tare da mabiya 78, suka kama hanya a ƙafa zuwa Dandi da ke bakin teku, tafiyar kimanin mil 240, wadda ta fi nisan Jos zuwa Abuja. Kwana 24 suka yi, kowane ƙauye suka ratsa sai jama'a ta ƙaru. Da safiyar 6 ga Afrilu ya sunkuya ya ɗebi gishiri daga ƙasa, kuma da wannan ɗiba ya karya doka a idon duniya. Jama'a suka bi sahu a faɗin ƙasar, aka tsare kimanin mutum 60,000, shi ma aka kama shi. Gwamnati ta shiga tsaka mai wuya: in ta ƙyale su, dokarta ta zama wasa; in ta doke su, jaridun duniya su nuna ana dukan mutanen da ba su rama ba saboda gishiri.

Ki kula, kada ki rubuta cewa tattakin gishiri ne ya kawo 'yanci nan take, domin sai da aka ƙara shekara 17. A tsakani an yi yunƙurin 1942 na neman Turawa su fice daga Indiya, aka ɗaure shugabannin Congress. Yaƙin Duniya na Biyu ya bar Ingila cikin bashi da gajiya, sannan gwamnatin Clement Attlee da ta hau a 1945 ta yanke shawarar barin ƙasar. A wannan yaƙi ne kakanninmu sojoji suka ratsa ta Indiya zuwa fagen daga a Bama, suka dawo gida da idon da ya ga Bature ma yana jin tsoro kamar kowa. Malam Aminu Kano yana cikin 'yan siyasarmu da tafarkin Gandhi ya yi wa tasiri.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina rubutowa daga Kubwa, Abuja. Littafinmu Gandhi kawai yake ambata. Shin shi kaɗai ya yi aikin? Kuma me ya sa ƙasar ta rabu biyu?

Amsa: Barka kadai, ɗana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ina ganin littafin da ya tsaya a kan mutum ɗaya ya tauye ɗalibi. Akwai Jawaharlal Nehru, wanda ya zama firaministan farko. Akwai Subhas Chandra Bose, wanda bai yarda da hanyar lumana kaɗai ba, ya jagoranci runduna da taimakon Japan a lokacin yaƙi. Akwai Maulana Abul Kalam Azad, malamin Musulunci da ya shugabanci Congress daga 1940 zuwa 1946, ya kuma yi adawa da raba ƙasa. Akwai Abdul Ghaffar Khan, wanda ya tara dubban Musulmi 'yan ƙabilar Pashtun a kan gwagwarmaya ba da makami ba. Sai B. R. Ambedkar, wanda ya fito daga ajin mutanen da al'adar ƙasar ta mayar ƙasƙantattu, ya sha saɓani da Gandhi a kan haƙƙinsu, daga baya ya jagoranci kwamitin da ya rubuta kundin tsarin mulkin da ya fara aiki ranar 26 ga Janairu, 1950.

Batun rabuwa kuwa tushensa tsoro ne. Musulmi su ne marasa rinjaye a ƙasar baki ɗaya, ko da yake suna da rinjaye a arewa maso yamma da gabashin Bengal. An kafa jam'iyyar Muslim League a Dhaka a 1906, kuma Muhammad Ali Jinnah, wanda shi ma tsohon ɗan Congress ne, ya kai ga ra'ayin cewa mulkin ƙuri'a zai bar Musulmi a ƙarƙashin masu rinjaye har abada. A taron Lahore na 1940 jam'iyyar ta nemi ƙasa ta daban. Bayan mummunan rikicin da ya ɓarke a Kalkata a watan Agustan 1946, sulhu ya yi wuya. Aka ɗauko wani lauya, Cyril Radcliffe, wanda bai taɓa taka Indiya ba, aka ba shi kimanin mako biyar ya shata iyaka. Pakistan, sabuwar ƙasar da aka ware wa Musulmi, tana bikin 'yancinta ranar 14 ga Agusta, Indiya kuma ranar 15, duka daga shekarar 1947. Mutum fiye da miliyan goma suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka rasa rayukansu, kuma sau da yawa maƙwabci ne ya kashe maƙwabcin da suka tashi tare. Mu mazauna Jos ba sai an yi mana dogon bayani a kan ɗacin wannan ba, domin mun ga unguwannin da a da ake cuɗanya a cikinsu sun koma kowa da ɓangarensa. Gandhi bai halarci bikin 'yanci a Delhi ba, yana Kalkata yana ƙoƙarin kashe wutar rikici, kuma ranar 30 ga Janairu, 1948, wani ɗan Hindu mai tsattsauran ra'ayi ya harbe shi. Ɓangaren gabas na Pakistan shi ne ya zama Bangladesh a 1971.

Tambaya: Malam, daga Gangare nake. Me ya sa ake cewa boren 1857 ya faru a ƙarni na 19, alhali lambar ta fara da 18? Kuma shekarun Gandhi nawa lokacin tattakin gishiri?

Amsa: Ɗana, ƙarni na ɗaya ya ƙunshi shekara ta 1 zuwa ta 100, na biyu ya fara daga 101. Saboda haka a 1857 an riga an cika ƙarni 18, ana cikin na 19, kamar yadda yaron da ya cika shekara goma yake cikin ta goma sha ɗaya. An haifi Gandhi ranar 2 ga Oktoba, 1869. Idan ka ɗebe 1869 daga 1930 za ka sami 61, amma tattakin a watan Maris aka fara shi, Oktoba bai zagayo ba, don haka shekararsa 60. A irin wannan tambaya ka duba wata kafin ka rubuta amsa.

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara basira. Ni mahaifi ne a Bukuru. Ɗana yana aji shida na firamare, lissafin kashi cikin ɗari ya gagare shi, ni kuma karatuna bai yi nisa ba. Yaya zan taimake shi?

Amsa: Amin, Alhaji, kuma Allah ya saka maka da alheri da ka damu da karatun yaron. Duk wanda yake ciniki ya riga ya iya wannan lissafi, sunansa na makaranta ne kawai baƙo a wurinsa. Kashi 25 cikin 100 shi ne rubu'i, kashi 50 shi ne rabi, kashi 10 kuwa shi ne ushiri, wanda manomi ya sani tun daga zakkar hatsi. Ka fara koya masa kashi 10, domin shi ne mabuɗin saura: a raba adadin gida goma, a ɗauki ɗaya. Kashi 10 na naira 40,000 shi ne 4,000. Kashi 20 sai a ninka, ya zama 8,000. Kashi 5 sai a raba biyu, ya zama 2,000. Kashi 25 kuwa a tara 8,000 da 2,000, a sami 10,000.

Ga wani tarko da yake kama har manyan ɗalibai. A ce, misali, buhun dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada naira 40,000 ne, sai ya tashi da kashi 25, ya koma 50,000. Bayan mako biyu sai ya sauka da kashi 25. Yaro zai yi saurin cewa ya dawo 40,000, amma ba haka ba ne, domin yanzu rubu'in 50,000 za a cire, wato 12,500, saura 37,500. Kullum ka sa shi ya tambayi kansa: kashi 25 na wane adadi? Da zarar wannan tambaya ta zauna masa a baki, rabin wahalar ta wuce.

Kana iya amfani da tafiyar Gandhi da na ambata a sama ka koya masa matsakaici. Mil 240 a kwana 24, idan aka raba, mil 10 ke nan kowace rana. Mil ɗaya kuwa kimanin kilomita 1.6 ne, saboda haka tsohon yana taka kusan kilomita 16 a yini. Su kansu lambobin da yaron yake rubutawa, har da sifili, daga Indiya suka samo asali: masani Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin lissafi da sifili a shekarar 628, sannan Al-Khwarizmi ya bayyana tsarin a Bagadaza a ƙarni na 9, daga nan ya isa Turai.

Ranar Asabar ka tafi da shi kasuwa da ɗan littafi da fensir. Duk abin da aka yi maka ragi, ka sa ya rubuta farashin farko da wanda ka biya, idan kun dawo gida bayan la'asar ku zauna ya fitar maka da kashi nawa cikin ɗari aka rage. Abu uku a mako sun isa. Idan ya yi kuskure kada ka faɗa masa amsar, ka miƙa masa ƙwayar wake ɗari ya kasa su gida goma a kan tabarma, ya ƙirga da hannunsa.