Amsa ga ƙanwarmu mai zane da ke aiki ta hannun wani

Wa alaikumus salam ƙanwata. Wallahi kamar labarina kika rubuta. Kin ce kina zanen fosta da logo da katin biki daga gida, duk aikin ta hannun wani yake zuwa miki, ya hana ki sa sunanki, yanzu kina so a san ki amma ba kya son ɗora hotonki a intanet. To ki kwantar da hankalinki kan maganar hoto. Abin da ya rufe ki shi ne wannan mutumin da ya tsaya tsakaninki da masu aikin.

Ni ma a ƙarƙashin wani mai shagon buga takardu na fara, a nan Kano. Lokacin kamfen ɗin 2023 ban san barci ba. Tsakar dare zai turo saƙon murya, a ƙara wa Alhaji haske a fuska, a gyara zaman hular, a ƙara girman tambarin jam'iyya, kuma da asuba yake so. Ga goyo a baya, ga babu wuta, sai na aika da kwamfutar maƙwabta a sa min caji a janareto. Kuma kullum sai ya ce in haɗo da asalin fayil ɗin CorelDraw, manhajar da nake zane da ita, wai don saurin bugawa. Da na tambayi kuɗina sai ya fake da ƙarancin takardun naira da ake fama da shi a lokacin, yau babu tsaba, gobe taransifa ta ƙi tafiya. Ana gama zaɓen gwamnoni ranar 18 ga Maris ya daina ɗaukar wayata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma ba kuɗin fosta ne ya fi ƙona min rai ba. Akwai logon da na yi wa wata mai turaren wuta da humra, na zana kasko, hayaƙin yana tashi yana lanƙwasa har ya ba da harafin farko na sunanta. Na sha wahalar hayaƙin nan, na goge na sake har idona ya yi ja. Kwatsam a gidan wani biki sai ga matar tana tallar kwalabenta, ta miƙo min ɗaya tana cewa wani ƙwararre ne ya yi mata, har ta faɗi abin da ta biya. Ya ninka abin da mai shagon ya ba ni sau da yawa. Ina riƙe da aikina a hannuna, bakina ya kasa buɗewa, don ko na ce ni ce, wace shaida gare ni? Fayil ɗin yana wurinsa, ya ɗora a shafinsa da sunan shagonsa. Da na samu ya ɗaga waya da wata lambar, abin da ya ce min shi ne: "Hajiya, ke da kike cikin ɗaki wa ya san ki? Sunana ake saya." Na yi kuka a ranar, kuma har yanzu in na tuna muryarsa sai ƙirjina ya yi nauyi. Bai biya ni kuɗin fostocin ba har yau. Na bar shi da Allah.

Don haka daga aikin da ke hannunki yanzu, ki sa sunanki da lambarki ƙanana a gefen ƙasa. Ki gaya wa mai kawo miki aikin cikin ladabi cewa haka tsarinki ya koma, in yana son aiki babu suna to farashinsa daban ne, asalin fayil ma kuɗinsa daban. Kada ki yi faɗa da shi tun yanzu tunda ta nan kike samu, amma kada ki ja da baya.

Suna ɗaya za ki riƙe a ko'ina, mai sauƙin faɗa, wanda wata za ta iya gaya wa ƙawarta a waya ba tare da an ce ta maimaita ba. Ki sayi layi daban ki buɗe WhatsApp Business, akwai wurin jera kaya a ciki, ki zuba ayyukanki mafi kyau. Sitatus kaɗai ba ya isa, awa 24 ya ɓace. Ki buɗe shafi a Instagram ko Facebook inda aikin zai zauna. Kuma ki riƙa rubuta lambobin kwastomominki a littafi. Waɗanda suka dogara da Twitter sun ji jiki lokacin da gwamnati ta rufe shi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022.

Ni ban taɓa sa fuskata ba. Ina ɗaukar bidiyon allon kwamfutar ina aiki, in yi bayani da Hausa, me ya sa na zaɓi wannan launin, me ya sa rubutun bai cika yawa ba. Mata da yawa sun ce muryar ce ta sa suka yarda da ni. Sai dai in katin biki za ki ɗora, ki nemi izini, ki rufe lambobin waya da adireshin gidan mutane.

Abin da ya ɗaga ni shi ne na daina cewa ina yin komai. Na tsaya a kan takardar da ake mannawa a kwalba da roba da leda, ta masu turare, yaji, man kitso, cincin. Yanzu in wata ta tambaya a guruf ɗin 'yan kasuwa wa ke yin wannan, sunana ake ambata. Af, tunda na zo nan: wasu za su ce ki ƙirƙiro musu lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ki sa a jiki don kayan su yi kwarjini. Kar ki kuskura, ko nawa za a ba ki. Laifi ne, abin da mutane za su ci ko su shafa ne, kuma sunanki yana gefe.

Rabin kuɗi kafin alƙalami, ko 'yar uwarki ce ciki ɗaya. Dangi sun fi kowa cewa ai danne-danne ne kawai, alhali tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 a farkon 2025 data ta zama abin da ta zama. Samfurin da za ki tura kafin a cika kuɗi, ki shimfiɗa sunanki a tsakiyarsa. Gyara sau biyu kyauta, na uku da kuɗi, ki faɗa tun farko. In kin ce Laraba to ya zama Laraba, don a harkar nan wadda kika saɓa wa alkawari ta fi wadda kika burge yawan magana.

Masu tallar kwas da ke cewa ki shiga Fiverr, shafin intanet da ake neman aiki daga ƙasashen waje, ki fara kwasar dala, ki bi su a hankali. Fiverr na cire kashi 20 daga duk abin da aka biya ki, kuma sabon shiga yana daɗewa kafin a kula shi. Ki fara cika shafinki da aikin gida tukuna. In hali ya samu ki yi rajistar sunan sana'a a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ki buɗe asusun banki da shi, makarantu da ƙungiyoyi sun fi sakin jiki su tura kuɗi can.

Kuma tsofaffin ayyukan da kika yi wa mai kawo miki aikin, ki duba wayarki da imel ɗinki yau, ki adana duk saƙon da ke nuna ranar da kika tura. In kin buɗe shafin ki kawo shi nan guruf, ni zan fara bin ki, kuma akwai masu neman katin biki da nake mayarwa saboda ba layina ba ne, zan turo miki su.