Ni ma sai a gidan mai na gane amfanin kalkulas

Salam ƙanena. Ka ce ana ta koya muku diribatif ɗin inbas a kalkulas, wato saurin canjin abu in an juya lissafin baya, 1 bisa f'(x), amma ba wanda ya faɗa muku ina ake aiki da shi. Wallahi kamar daga bakina ka ɗauko, ni ma haddacewa na yi na wuce.

Sai da na kama aiki a wani gidan mai. Tankin ƙasa a kwance yake kamar ganga, faɗinsa mita 2, tsawo mita 10. Takardar awon tankin ta ɓace, shi manaja abin da ya riƙe kawai santimita 1 a sandar da ake tsomawa a auna mai lita 200 ce. Ranar da mai ya yi ƙasa sosai sanda ta sauka santi 5, ya ce lita 1000 ta fita, mitar famfo kuma 600 da 'yan kai. A gaban kwastomomi ya ce min ɓarawo, har da mai shayin da nake bin sallah a bayansa, ya sa aka zazzage min aljihu, ya rantse sai ya cire a albashina. Ban iya cin abinci ba ranar. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, Allah ya isa.

Da daddare na zana tankin a bayan rasit. A tsakiya cikin na da faɗi, santi ɗaya lita 200, gaskiya ne. Amma can ƙasa inda faɗin ya koma mita 1, santi ɗaya lita 100 ce. To juya tambayar, in lita 1 ta fita nawa sanda za ta sauka? 1 bisa 200 na santi a tsakiya, 1 bisa 100 a ƙasa. Shi ke nan abin da ake wahalar da ku a kai! Ko direba ma yana yin wannan juyin, gudun kilomita 60 a awa ai minti 1 ne duk kilomita.

Ka kula a jarrabawa, sai ka fara nemo x ɗin da ya ba da y, wato lambar da aka ba ka, sannan ka saka a f', nan na sha zubar da maki. In f' ta zama sifili kuma dokar ba ta aiki. Sannan duk inda aka ba ka amanar tanki kar ka sa hannu sai ka ɗauki hoton takardar awo. Shi dai mutumin ya dawo min da kuɗina, amma haƙuri bai ba ni ba.