Ƙanena, kada ka ƙona takardun nan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena, tun jiya da dare na ga tambayarka, kuma ta hana ni sukuni. Ka ce ka rubuta wasan barkwanci a kan wani malamin ƙarya da ya tare a gidan attajiri yana cin dukiyarsa, yanzu ana yaɗawa a gari cewa malamai ka zaga, uban ƙungiyarku ya zare hannunsa, kana tambaya ko ka ƙona takardun ka bar harkar gaba ɗaya. Don Allah kada ka ƙona. Abin nan da ya same ka ya same ni, shi ya sa zan yi dogon bayani, ka yi haƙuri da ni.

Namu wasan a kan wani ne mai yawo da takardar neman taimakon marayu, yana zuba kuɗin a aljihunsa. Uban ƙungiyarmu a lokacin, ba zan kama sunansa ba, da ƙafarsa yake zuwa wurin gwajin wasa. A ajiye masa farar kujerar roba, ya zauna yana dariya har ya cire hula yana share hawaye da ita. Akwai ma wata magana a cikin wasan da shi da kansa ya ce a ƙara. Shi ya ce in je in kama zauren, in ɗauko kujeru da lasifika da janareta, zai biya. Na je na karɓo komai da bakina, da sunana. Da maganganu suka fara tashi a gari, sai mutumin nan ya tsaya a majalisa ya ce shi bai taɓa sanin abin da ke cikin wasan ba, yara ne suka yaudare shi. Yara! Na je gidansa bayan la'asar, maigadi ya ce yana barci, alhali ina jiyo muryarsa daga tsakar gida yana waya. Na tsaya a bakin ƙofar har aka kira magariba. Bai fito ba, bai aiko ba. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da mai kujeru ya zo ƙofar gidanmu yana ɗaga murya, mahaifina na zaune da baƙi. Tsohon nan bai ce mini uffan ba. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya ɗauko kuɗin da ya ajiye na takin gona, ya ƙirga masa a gaban mutane, ya koma ya zauna. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Har yau in na haɗu da attajirin nan, uban ƙungiyar tamu, wurin jana'iza ko ɗaurin aure yakan miƙo mini hannu kamar ba a yi komai ba, ni kuwa ina gaishe shi ne kawai don Allah ya ce a gaisa.

A cikin wannan baƙin cikin na koma kan Moliyer, shahararren marubucin wasan barkwanci na Faransa. Mu da muka yi lakol, wato makarantar boko, a Nijar mun san shi, mushe, wato malaminmu, ya sa mu haddar wasanninsa muna dariya, amma ba a tsaya an gaya mana irin wuyar da ya sha ba. A birnin Paris aka haife shi a 1622, ɗan gidan rufin asiri, mahaifinsa ma yana da muƙamin mai kula da shimfiɗu da labulen fadar sarki. A 1643 ya bar gadon wannan muƙami, shi da wata 'yar wasa mai suna Madalen Bejar da 'yan uwanta suka kafa ƙungiyar wasa. Cikin shekara biyu suka karye. A 1645 aka kulle shi a kurkuku saboda bashi, kuma cikin masu binsa har da mai sayar da kyandir ɗin da suke haska dandali da shi. Da na karanta wannan wurin sai da na ajiye littafin, don mai kujerun nan na gani tsaye a gabana.

Daga nan ya bar Paris, ya yi kusan shekara 13 yana yawon garuruwan Faransa da ƙungiya. A can ya samu uban gida, Yarima Konti, wanda ya ba su sunansa suna wasa da shi. Sai Yariman ya shiga tsananin ibada, ya juya musu baya, ya hana su amfani da sunansa, ya koma cikin masu yaƙi da wasan kwaikwayo har ya rubuta littafi a kan haka. To ka ji. Wanda ya fi kowa dariya jiya shi ne ya fi kowa tsine maka yau. Moliyer bai tsaya ba, a 1658 ya yi wasa gaban Sarki Luwi na 14, sarki ya yi dariya, aka ba su wurin wasa a Paris.

Wasansa da ya yi kama da naka shi ne Tartuf, labarin munafukin da ya shiga gidan mai hali da rigar tsoron Allah, ya nemi matar gidan, ya nemi ƙwace gidan ma. A watan Mayu na 1664 aka nuna shi a fada, nan da nan aka hana. Wani limamin coci ya rubuta cewa Moliyer shaiɗan ne cikin fatar mutum, ƙonawa ta dace da shi. Bai yaga takardunsa ba. Ya riƙa karanta wasan a gidajen manyan da suka gayyace shi, yana kai wa sarki kuka a rubuce. A 1667 ya canza sunan wasan da sunan munafukin, ya cire masa shigar masu ibada ya sa masa ta 'yan birni. Dare ɗaya aka yi, aka sake hanawa, lokacin sarki yana fagen yaƙi, babban limamin Paris kuma ya ce duk wanda ya yi wasan, ko ya karanta, ko ya saurara, za a fitar da shi daga coci. Sai a Fabrairun 1669 aka ba da izinin yin wasan, mutane suka yi ta turereniya a bakin ƙofa. Kusan shekara biyar ke nan, ƙanena. Kai naka ko wata biyu bai yi ba.

Amma ka duba wani abu. A cikin wasan Tartuf akwai mutum mai hankali da yake tsayawa ya bambance mai ibadar gaskiya da mai ta ganin ido. Naka yana da irinsa? In babu, ka saka. Ka samu malami na ƙwarai wanda ka yarda da shi, ka je har zaurensa ka karanta masa daga farko har ƙarshe, ka ji inda zai ɗaure fuska. Malaman gaskiya sun fi mu jin haushin 'yan damfara, su ake ɓata wa suna. In rawani da carbi ne suka tayar da ƙura, ka cire su, dariyar ba a cikin rawani take ba. Abin da ban yarda ka taɓa ba shi ne zuciyar labarin.

Sannan maganar kuɗi, ina roƙonka, kada ka ƙara karɓar ko kujera ɗaya da sunanka bisa alkawarin wani. Mai alkawari ya ba da kafin alƙalami tukuna. Ƙungiyar Moliyer in an tashi wasa sai a cire kuɗin hidima, a raba saura kashi-kashi, kuma wani ɗan wasansu mai suna Lagaranj ya riƙa rubuta abin da aka samu a littafi, wanda har yau yana nan. Mu kuwa kuɗin ƙofa a aljihun mutum ɗaya yake kwana, gobe a wayi gari ana rantse-rantse. Ku sayi littafi. Kada kuma ku rataya ga mutum ɗaya. Moliyer da sarki ya zama uban sunan ɗansa, aka kuma mai da ƙungiyarsa ta sarki a 1665, shi ma a 1672 sarkin ya fifita makaɗinsa Luli, aka taƙaita wa sauran gidajen wasa yawan makaɗa da mawaƙa. Ga Rasin, matashin marubucin da Moliyer ya fara ɗora wasansa a dandali, ya kwashi wasansa na biyu ya kai wa abokan hamayya, daga baya kuma wata babbar 'yar wasan ƙungiyar ta bi shi can. Ka lura da yaranka a kwanakin nan, yanzu ne masu zawarcinsu za su fito. Ka tara su ko shayi ne ku sha tare, ka gaya musu gaskiyar halin da ake ciki.

Kuma ka kula da jikinka, na ga ƙarfe uku na dare ka turo tambayar. Moliyer da ciwon ƙirji ya riƙa hawa dandali. Ranar 17 ga Fabrairu 1673 tari ya turnuƙe shi yana tsakiyar wasa, ya daure ya ƙarasa, aka kai shi gida ya cika a daren, yana da shekara 51. Saboda sana'arsa sai da matarsa ta je ta roƙi sarki kafin a yarda a binne shi, shi ma da dare. Wannan wurin yana sa ni ƙwalla, mutumin da ya sa ƙasa guda dariya. Ba na so in ji ka kwanta saboda wani attajiri.

Ka je ka zauna da mahaifinka kafin masu bashi su riga ka zuwa wurinsa, wannan kam yau ba gobe ba. Ka lissafa abin da ake binka ka faɗa mana a nan, ba kunya, akwai waɗanda za su sa hannu, ni ma zan sa abin da ya sawwaƙa. Sannan ka turo mini fitowar da aka fi yin surutu a kanta in karanta, sai mu yi magana bayan sallar isha'i.